Rikicin kuɗin rashin aiki a Amurka: tambayoyin da mutanenmu suka fi yi

Da zarar an rage ma'aikata a wani sito ko gidan abinci, sai wayata ta fara ruri. Mutum ya turo ta WhatsApp hoton wasiƙa kan kuɗin rashin aiki, wato kuɗin da jiha ke biyan wanda ya rasa aiki duk sati, ya ce, "Malam, don Allah duba mini, me mutanen nan suke nufi?" In na duba kwanan watan da ke saman takardar, sau da yawa sai in tarar ta yi sati uku a kan firiji, an danne ta da kwalbar man shafawa. Tambayoyin da ke ƙasa daga irin waɗannan kiraye-kirayen na tattaro su, galibi na 'yan uwa mazauna Bronx da Harlem a birnin New York. Shi ya sa misalan jihar New York suka fi yawa. Kowace jiha da dokarta, don haka wanda ke Ohio ko Texas ya duba wa'adin da aka rubuta a tasa takardar.

Wai kuɗin nan ba sadakar gwamnati ba ce? Ni kunyar karɓa nake ji.

Ba sadaka ba ce, inshora ce. Jihar Wisconsin ce ta fara kafa ta a 1932, sannan dokar tarayya ta 1935 ta sa sauran jihohi suka bi sahu. Kamfanin da kake yi wa aiki shi yake zuba kuɗi a asusun tun ranar da ya ɗauke ka: harajin tarayya a kan dala 7,000 na farko na albashin kowane ma'aikaci a shekara, da kuma harajin jiha. A jihohi uku kawai, Alaska da New Jersey da Pennsylvania, ake cirar wani abu daga albashin ma'aikacin shi kansa.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun daga nan, domin shi ne tushen rigimar gaba ɗaya. Harajin jiha ba ɗaya ba ne ga kowane kamfani. Wanda tsofaffin ma'aikatansa suka fi karɓar kuɗin, harajinsa ya fi hawa. Ke nan idan manajan da kuka yi shekara huɗu kuna gaisawa ya rubuta wa ma'aikatar ƙwadago cewa kai ka gudu, ba lallai ƙiyayya ba ce. Lissafi ne. Wasu manyan kamfanoni ma hayar wasu kamfanoni suke yi waɗanda ba su da sana'ar da ta wuce ƙalubalantar irin wannan buƙata.

To wa ya cancanta, kuma nawa ake bayarwa?

Abu uku ake dubawa: ka yi aiki ka sami albashin da ya kai ma'auni, aikin ya ƙare ba da laifinka ba, kuma a yanzu kana da lafiyar aiki, kana shirye, kana nema.

Wajen albashi, ana raba shekara zango huɗu, kowane zango wata uku. Sai a koma baya a ɗauki zanguna biyar da suka cika, a ajiye na ƙarshe, a duba huɗun farko. A New York dole albashi ya bayyana a zango biyu aƙalla, kuma jimillar ta kai ninki ɗaya da rabi na zangon da ka fi samu. In hakan bai fitar da kai ba, sai a gwada da zanguna huɗu na baya-bayan nan. Kuɗin sati kuwa galibi kashi ɗaya ne cikin 26 na zangon da ka fi samu, amma akwai iyaka. A New York iyakar ta daɗe a dala 504 kafin a ɗaga ta zuwa 869 a Oktoban 2025. A Kalifoniya dala 450 ce, a Fulorida 275, a Mississippi 235. Yawancin jihohi sati 26 suke biya, Fulorida kuwa tana iya tsayawa a sati 12.

Rigima a kan lissafin albashi ba ta cika tsawo ba, takardun albashi ne ke raba gardama. Inda ake kai ruwa rana shi ne sharaɗi na biyu.

An kore ni ne. Shi ke nan na rasa?

A'a. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye mana haƙƙi. Mutum ya ji kalmar kora, sai ya sunkuyar da kai ya ce ƙaddara, bai ma cika takardar nema ba.

Doka ta bambanta kora saboda gazawa da kora saboda ganganci. Ma'aunin da jihohi da yawa suka ara ya fito ne daga wata shari'a ta 1941 a kotun ƙolin Wisconsin, tsakanin kamfanin tasi na Boynton da wani direbansa mai suna Neubeck, wanda aka sallama bayan 'yan ƙananan haɗurra. Kotun ta ce abin da ke hana mutum kuɗin nan shi ne ya take haƙƙin ubangidansa da gangan, ko ya yi ta maimaita sakaci har ya nuna bai damu ba. Amma rashin ƙwarewa, ko nawa wajen aiki, ko kuskuren da aka yi da kyakkyawar niyya, ko tuntuɓe sau ɗaya, duk ba su shiga ciki ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Matar da ke kula da tsofaffi a gida, aka ce ba ta iya manhajar shigar da lokacin aiki ba, aka sallame ta: wannan gazawa ce, tana da hujja mai ƙarfi. Wadda ta shigar da awa takwas alhali ta tafi tun bayan awa biyar: wannan ganganci ne. Mai makara kuwa, tambayoyin da alƙali zai yi sanannu ne. Sau nawa? An gargaɗe shi a rubuce? An gaya masa cewa in ya sake aikinsa na cikin haɗari? Makarar ranar ƙarshe, mece ce ta jawo ta? Wannan ta ƙarshen ita ce mai nauyi, domin abin da ya faru a ranar da aka yanke shawarar korar shi ake tonawa. Idan a ranar jirgin ƙasa ne ya tsaya a rami, ka kuma aika wa oga saƙo da ƙarfe 7:40 kana sanar da shi, to wannan saƙon ya fi rantsuwa goma amfani. Kada ka goge shi.

A yawancin jihohi, kamfanin da ya ce ka yi ganganci shi ne zai kawo shaida. Ba kai za ka wanke kanka daga abin da ba a tabbatar ba.

Ni da kaina na ajiye aikin, saboda abin ya ishe ni.

A nan kaya sun koma kanka. Wanda ya ajiye aiki shi ake jira ya nuna dalili mai ƙarfi, irin wanda zai sa mai hankali ya gwammace zaman gida. Ana karɓar dalilai kamar albashin da ake ta riƙewa, ko rage shi da yawa ba tare da yardarka ba, ko aikin da likita ya rubuta cewa yana cutar da kai, ko cin zarafi, ko gudun abokin zama mai duka. Ba a karɓar "oga ba ya ganin mutuncina", ko "ba a ƙara mini girma ba".

Ko da dalilin mai kyau ne, akwai tambayar da ke kayar da mutane: me ka yi don ka ceci aikin kafin ka tafi? Ka kai kuka sama? Ka nemi a canza maka sashe? Ka nemi hutu? Tarbiyyarmu ta koya mana haƙuri da shiru, mutum ya yi wata shida yana haɗiye baƙin ciki, wata rana ya ajiye makulli ya yi tafiyarsa ba tare da ya ce uffan ba. A gaban alƙali, shirun nan ba ya zama shaida. Kamfani zai ce bai taɓa jin koke ba, kuma gaskiyarsa ne.

Sai wani tarko. Manaja ya kira ka ofis ya ce, "Ko ka rubuta takardar ajiye aiki, ko mu sallame ka; rubutawar ta fi maka mutunci." Jihohi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin kora, tunda ba zaɓi aka ba ka ba. Amma idan takardar ta ce ka tafi ne don raɗin kanka, sai ka sha wahalar warware abin da hannunka ya sa. In dole sai ka rubuta, to ka rubuta cewa an ce maka za a sallame ka ne a rana kaza. Wanda kuma ya ji ƙishin-ƙishin za a kore shi ya riga su tafiya, galibi ana lissafa shi cikin waɗanda suka ajiye aiki ba dalili.

Wanda aka hana saboda ganganci ko ajiye aiki, ba har abada ba ne. A New York sai ya sake yin aiki ya sami ninki goma na kuɗin satinsa, sannan in wannan aikin ya ƙare ba da laifinsa ba, ƙofa ta sake buɗewa.

Saboda sallar Juma'a muka saɓa da su. Ina da abin faɗa?

Kana da shi, kuma abin mamaki shi ne manyan shari'o'in 'yancin addini a Amurka da yawansu daga rigimar kuɗin rashin aiki suka taso.

Adell Sherbert ma'aikaciyar masaƙa ce a jihar South Carolina, mabiyar ɗariƙar Kiristocin da ke hutun ibada ranar Asabar. Da masaƙar ta mayar da aiki kwana shida a sati, ta ce ba za ta zo Asabar ba, aka sallame ta, jiha kuma ta hana ta kuɗin da hujjar ta ƙi aikin da ya dace. A 1963 kotun ƙolin Amurka ta ce jiha ba ta da ikon sa mutum ya zaɓa tsakanin ibadarsa da haƙƙinsa. A 1981 aka yi ta Eddie Thomas a Indiana, ɗan Shaidun Jehobah, wanda ya bar aiki da aka mayar da shi sashen ƙera sassan tankar yaƙi. An kawo hujjar cewa wani ɗan ɗariƙarsu yana aikin bai ga laifi ba, kotu ta ce ba aikinta ba ne ta tantance wa ya fi fahimtar addininsa. A 1987 aka yi ta Paula Hobbie a Fulorida, wadda ta shiga sabuwar ɗariƙa bayan ta riga ta fara aikin, kotu ta ce hakan bai rage mata komai ba. A 1989 kuma William Frazee na Illinois ya yi nasara duk da ba ya cikin wata majami'a takamaimai.

Babu Musulmi a cikin waɗannan huɗun, amma ƙa'idar ba ta wani addini ɗaya ba ce. Ta Hobbie ma ta dace da wanda a da ba ya zuwa masallaci, daga baya Allah ya shirye shi.

Sai dai kada a ɗauka ƙofar a buɗe take wangale. A 1990, a shari'ar Smith ta jihar Oregon, an kori mutum biyu saboda sun ci wani tsiro mai bugarwa a wajen ibadar gargajiyarsu, tsiron kuma haramtacce ne a dokar jihar. Kotu ta ce hana su kuɗin bai saɓa tsarin mulki ba. Banda haka, alƙalin da zai saurare ka zai so ya ji yadda ka bi da maganar. Akwai bambanci tsakanin wanda ya aika wa sashen ma'aikata saƙo cewa yana neman awa ɗaya da rabi ranar Juma'a, zai rama da yamma ko ranar Lahadi, aka ƙi, da wanda yake sulalewa da ƙarfe ɗaya ba sallama. Na farkon yana da kariya ta biyu ma: dokar haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya yi wa ma'aikaci sassauci don addininsa, kuma a 2023, a shari'ar Groff, wani mai rabon wasiƙu, kotun ƙoli ta ce kamfani ba zai ƙi ba sai ya nuna sassaucin zai jawo masa asara mai nauyi.

Ni Uber nake ja, ɗan'uwana kuma abinci yake kaiwa a keke. An ce mu ba ma'aikata ba ne.

Sunan da kamfani ya laƙaba maka a yarjejeniya ba shi ne hukunci ba. Abin da ake dubawa shi ne wa ke riƙe da linzami: wa ke yanke farashi, wa ke karɓar kuɗin fasinja, wa ke iya rufe maka manhaja.

A New York wannan magana ta yi nisa. A 2018 hukumar ɗaukaka ƙarar inshorar ta ce wasu direbobin Uber uku, da duk masu irin yanayinsu, ma'aikata ne. A Maris na 2020 babbar kotun jihar ta yanke irin wannan hukunci a kan Luis Vega, mai kai saƙo na Postmates, kamfanin kai abinci da kaya ta manhaja. A Yulin shekarar, bayan ƙungiyar direbobin tasi ta New York ta shigar da ƙara, wata alƙaliyar kotun tarayya a Brooklyn ta umarci jiha ta daina jan ƙafa wajen biyan direbobin Uber da Lyft. A Nuwamban 2023 kuma Uber ta amince ta riƙa zuba kuɗi a asusun jihar. A Kalifoniya akasin haka ne: masu zaɓe sun amince da ƙudiri na 22 a 2020, wanda ya bar direbobin manhaja a matsayin masu zaman kansu.

Wasu suna tuna kuɗin da suka karɓa lokacin korona suna zaton har yanzu haka ne. Wancan shiri ne na musamman na tarayya, ya ƙare a Satumban 2021.

A hannu ake biya na, ba takardar albashi.

Kana iya nema, in kana da izinin aiki. Ma'aikatar za ta binciki kamfanin. Abin da zai taimake ka shi ne duk wata alama da ke nuna ka yi aikin: saƙonnin jadawali, kuɗin da kake sakawa a banki duk Juma'a, abokin aiki da zai yi magana.

Kuɗin nan zai ɓata mini maganar girin kad, wato katin zaman dindindin?

Kuɗin rashin aiki haƙƙi ne da aiki ya samar, shi ya sa ko a tsauraran ƙa'idojin 2019 na tantance wanda zai zama nauyi a kan gwamnati ba a lissafa shi ba. Sharaɗin shi ne ka kasance da izinin aiki lokacin da ka yi aikin, da kuma yanzu da kake nema. Za a tantance lambar katin izininka a wajen hukumar shige da fice. In katin izinin ya ƙare ba a sabunta ba, ana iya dakatar da biya. Wanda ba shi da takardu ba ya samu. Asusun dala biliyan 2.1 da New York ta ware wa marasa takardu a 2021 na lokaci ɗaya ne. Kuma kada wanda ya yi aiki da lambar shaidar wani (Social Security) ya kuskura ya nema da ita.

Zan je gida ganin Hajiya, ko in yi Umara, sati uku kacal. In bar wa ƙanena lambar sirri ya riƙa danna mini?

Kada ka yi. Na sani, a wurinmu ba a ganin wannan a matsayin sata, taimakon ɗan'uwa ne. A wurinsu zamba ce, har kashi biyu.

Duk sati sai ka tabbatar cewa kana nan kana shirye ka fara aiki. New York ta faɗa ƙarara cewa ba a tabbatarwa daga wajen Amurka da Kanada da Puerto Rico da tsibiran Virgin, kuma ba a ba wani lambar sirri. Wanda ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba zai iya amsa kiran aiki gobe da safe a unguwar Queens ta New York ba. Wani bawan Allah da na sani ya je jana'izar mahaifinsa, matarsa ta riƙa danna masa na sati huɗu, da zuciya ɗaya, don kuɗin haya. Wata bakwai bayan haka wasiƙa ta zo: a mayar da na sati huɗun, ga tara, ga kuma wasu satuttuka na gaba da aka soke. Da ya sanar kafin ya tafi, ya daina nema, ya ci gaba bayan ya dawo, iyakarta ya rasa na kwanakin da ba ya nan.

In na sami ɗan aikin kwana biyu fa? Ko aka ba ni aikin da bai yi mini ba?

Ka faɗa, ko da ba a biya ka ba tukuna. A New York tun 2021 da awa ake lissafi: awa 10 zuwa ƙasa a sati ba a rage komai, daga 11 zuwa 16 a rage kashi ɗaya cikin huɗu, haka har zuwa awa 30, muddin abin da ka samu bai wuce iyakar kuɗin sati ba. Ɓoyewa ba ta da riba, domin kamfanoni suna kai rahoton albashi da na sababbin ma'aikata, kwamfuta kuma tana haɗa su.

Ƙin aiki yana da dalilan da ake karɓa, kamar albashin da ya yi ƙasa sosai da abin da ake biya a unguwar, ko nisa marar misali. Amma bayan ka karɓi sati goma, ana sa ran ka amshi duk aikin da za ka iya, in albashinsa ya kai kashi 80 cikin 100 na abin da ka saba samu. Ka kuma riƙa rubuta inda ka nemi aiki, abu uku a sati, da kwanan wata da sunan wanda ka yi magana da shi.

Wasiƙar hani ta zo. Yanzu me zan yi?

Duba kwanan watan da aka aiko ta, ba ranar da ka buɗe ba. A New York kwana 30 gare ka ka nemi a saurare ka. Kalifoniya ma 30. Texas 14 kacal. Ba sai ka rubuta dogon bayani ba, layi biyu sun isa: ban yarda da hukuncin rana kaza ba, ina neman zama. Ka ajiye shaidar aikawa.

Matakan a New York uku ne. Na farko zama a gaban alƙalin hukumar. In ba ka gamsu ba, kwana 20 gare ka ka kai wa hukumar ɗaukaka ƙara. In nan ma ba a dace ba, kwana 30 zuwa kotun ɗaukaka ƙara da ke Albany. Amma kada yawan matakan ya ruɗe ka. Na sama galibi abin da aka faɗa a zaman farko suke karantawa, ba sa sake kiran shaidu. Takardar da ba ka miƙa a ranar ba, da wuya ta sami shiga daga baya.

Abu ɗaya da nake maimaitawa har mutane su gaji: ka ci gaba da tabbatarwa duk sati, ko da ba a biyan ka ko sisi. In ka yi nasara, satuttukan da ka tabbatar kawai za a biya.

Yaya zaman yake? Turancina ba shi da ƙarfi.

Ba irin kotun da ake gani a talabijin ba ce. Yawanci ta waya ko ta bidiyo ake yi, amma ana rantsar da kowa, ana kuma naɗar magana. Kana da haƙƙin tafinta kyauta. Ka nemi na Hausa tun lokacin da kake neman zaman, kada ka yarda a haɗa ka da na Faransanci don kawai fasfonka na Nijar ne, in ba Faransancin ne ya fi zama a bakinka ba. In ka ji tafintan ya karkatar da maganarka, ka tsayar da shi nan take.

Ka nemi ganin fayil kafin ranar, a ciki za ka ga abin da kamfani ya faɗa a kanka. Ka jera abin da ya faru da kwanan wata a takarda ɗaya. Shaidar wanda ya gani da idonsa ta fi ta wanda aka ba labari, shi ya sa in kamfani ya turo jami'ar ofis da ba ta wurin a ranar, kana iya tambayarta cikin ladabi: "Kina wurin lokacin da abin ya faru?"

Na taɓa zama kusa da wani dattijo mai gadi a irin wannan zama, wayar na kan tebur tsakaninmu. Alƙaliya ta tambaye shi ko an taɓa gargaɗinsa kan barci a bakin aiki. Maimakon ya ce a'a, wadda ita ce gaskiya, sai ya fara: "Ranki ya daɗe, ɗan Adam ajizi ne, kowa yana kuskure." Tafinta ya juya maganar kamar yadda aka faɗe ta, na ji wakilin kamfani ya gyara murya. Sai da alƙaliyar ta sake tambaya sau biyu kafin a'ar ta fito. Tawali'un da ke ƙara wa mutum daraja a zauren mai unguwa, a nan kamar amsa laifi yake. Amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya. In ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba.

In wani uzuri ya hana ka halarta, kana iya neman a sake buɗe shari'ar, amma sai ka kawo dalili.

An fara biya na, sai kamfani ya ƙalubalanta. Za a tsayar?

Ba a tsayarwa don kawai kamfani ya ɗaukaka ƙara. A da Kalifoniya tana yin haka, har wata mata mai suna Judith Java ta kai magana kotun ƙoli, a 1971 kotun ta ce dokar tarayya ta wajabta a biya a lokacin da ya kamata. Sai dai ka halarci zaman. In ba ka zo ba, maganar kamfani kaɗai alƙali zai ji.

Sun ce an biya ni fiye da ƙima, in dawo da dala dubu kaza, har da zargin zamba.

Wannan ma hukunci ne da ake ƙalubalanta, da wa'adinsa. Abu biyu za ka raba: shin da gaske an yi rarar biya, kuma shin da gangan ka faɗi abin da ba haka ba? A New York, wanda ya karɓi kuɗin jiha da zuciya ɗaya, bai faɗi ƙarya ba, bai ɓoye komai ba, galibi ba a tilasta masa mayarwa. Wanda aka samu da ganganci kuwa, ban da mayarwa akwai tarar da ba ta gaza kashi 15 cikin 100 ba, kuma ana iya kama kuɗin harajin da gwamnati za ta dawo masa da shi.

Kada kalmar zamba a takardar gwamnati ta sa gwiwarka ta yi sanyi. Tsakanin 2013 da 2015 jihar Michigan ta bar wa wata manhaja yanke irin wannan hukunci ba tare da ɗan Adam ya duba ba. Ta zargi mutum kusan 40,000, ana ɗora musu tara ninki huɗu, ana kama albashinsu. Da jihar ta sake duba wani kaso na shari'o'in, sai ta tarar kashi 93 cikin 100 kuskure ne. A 2022 ta amince ta biya diyyar dala miliyan 20. Da yawa daga cikin mutanen ba su ma ga sanarwar ba, domin an tura ta ne akwatin saƙon intanet da suka daina buɗewa tun da suka koma aiki. Saboda haka ko ka sami aiki, ka riƙa leƙa akwatin, in ka tashi daga gida kuma ka canza adireshi.

Sai na ɗauki lauya?

Ba dole ba ne, mutane da yawa suna cin nasara su kaɗai. Ƙungiyoyin ba da taimakon shari'a kyauta suna karɓar irin wannan, in ka je da wuri. A New York lauya ba ya karɓar ladansa sai ka yi nasara, kuma sai hukumar ta amince da adadin. Duk wanda ya ce ka ba shi dala ɗari biyar a hannu ya "gyara maka fayil", kama gabanka.

A Najeriya akwai irin wannan?

Babu inshorar da ke biyan wanda ya rasa aiki duk sati. Abin da ya fi kusa shi ne dokar fansho ta 2014: wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cirar har kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa. Rigimar sallama da kuɗin sallama kuwa kotun ma'aikata ta ƙasa ake kai ta.

Ana biyan haraji a kan kuɗin?

Ana biya. Gwamnatin tarayya tana lissafa shi cikin abin da ka samu a shekara, New York ma haka, Kalifoniya kuwa ba ta karɓar nata. A farkon shekara za a fitar maka da takarda mai lamba 1099-G, ka kai wa mai cika maka haraji tare da sauran. Kana iya zaɓar a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na tarayya tun daga tushe. In kuma takardar ta zo da sunanka alhali ba ka taɓa nema ba, wani ne ya yi amfani da lambarka, sai ka sanar da ma'aikatar ƙwadago a ranar, ka nemi a gyara takardar kafin ka cika harajin.